Illa Mai Hannun Kiwo da Zomayen Likita Kellu

A Hamdara aka haifi Illa, kuma tsofaffin garin sun ce tun yana rarrafe ba ya ganin baki a buɗe ya ƙyale. Kaza ce, ɗan akuya ne, ƙanensa ne da barci ya sace a tabarma, sai ya lalubo wani abu ya cusa. Da ya tasa, uwarsa ta ba shi wata tunkiya mai tari, wadda daga bakin zaure ake ƙirga ƙasusuwanta, don dai ya sami abin yi ya sakar mata zane. Kafin kaka ta zagayo, tunkiyar nan ta kasa shiga garke sai da aka zare itace guda daga ƙofar. Tun daga ranar sunan ya manne masa: Illa mai hannun kiwo.

Ya yi aure, ya bar wa ƙannensa gona, ya shigo Damagaram ya zauna a unguwar Garin Malam. Bai taɓa yin garken kansa na kirki ba. Sana'arsa ita ce 'yan kasuwa da ma'aikatan sarwis su sayi rago ramamme su kawo masa, ya ɗaure a turke, ya bi shi da dusa da tunkuza da harawa, ya riƙa jiƙa masa kanwa a ruwan sha. Ranar jajibirin layya mai rago zai zo ya wuce nasa yana tambayar ina aka kai shi. Shi kuwa Illa siriri ne kamar sandar makiyayi. Matarsa Ladi takan ce duk ƙibar gidan a turke take ƙarewa.

Ba shi da moto, ba shi da gidan siminti, ba shi da sarauta ko ta unguwa. Abin da ya mallaka magana ɗaya ce, yana faɗinta a wurin suna, yana faɗinta a wurin gaisuwar mutuwa in ya sami ƙofa: "Dabba ba ta taɓa ramewa a hannuna ba." Kuma gaskiya ce, shi ya sa take da ciwo a kunnen Suma'ila.

Suma'ila ɗan kawunsa ne, mahauci a Kasuwar Dole, wato taubashinsa, wanda al'ada ta ba lasin zaginsa har kabari. Tun suna samari yake leƙa turken Illa yana neman haƙarƙari. Yakan shigo ko sallama bai gama ba, ya danna ƙugun rago da babban yatsa, ya ja tsaki.

"Bawana, ina nan dai. Ban mutu ba, ban makance ba."

"Ka daɗe," in ji Illa. "Ka zo da kujera."

Shekaru suka tura, gwiwa ta fara ƙara, kiwon rago kuma na 'yan watanni ne, sauran shekara sai zaman inuwa. A nan ne wani Alhaji Modu na Birni, wanda Illa ya daɗe yana yi wa kiwo, ya aiko a kira shi. 'Yarsa Kellu ta dawo daga karatun likitan dabbobi a Dakar, ta sami wani ɗakin bincike a bayan gari, tana neman wanda zai kula mata da zomaye. Alhaji ya ce ai ba sai an yi cigiya ba.

Ranar da Illa ya shiga ɗakin, sanyin kilima, na'urar sanyaya ɗaki, ya fara yi masa maraba. Zomaye farare tas, kowane da kejinsa, kowane da 'yar kwalbar ruwansa a rataye, a garin da matan aure ke jera bido, jarkokin ruwa, a bakin famfo tun asuba. Ya tsaya ya dube su, ya ce a ransa wasu dai an haife su da sa'a.

Likita Kellu yarinya ce mai tabarau, ba ta da yawan magana, amma ta zaunar da shi ta yi masa bayani dalla-dalla.

"Baba Illa, ka san ƙoda biyu ce, kowace da 'yar hanyarta da ke sauke fitsari zuwa mafitsara. Zan sa wa zomo maganin barci, in buɗe cikinsa, in matse hanya ɗaya. Fitsari zai taru ya danne ƙodar, ta kumbura. In an jima in sake buɗewa in cire abin da na matse da shi. Abin da nake son sani, ƙodar da ta sha wannan wuya tana dawowa? In tana dawowa, har ina?"

"To, Likita, wa ya toshe musu?"

"Ni."

"Wa kuma zai buɗe?"

"Ni."

Illa ya taɓa sanin wani mai facin taya a hanyar Takieta da ake zargin da irin wannan tsari yake cin abinci, amma bai faɗa ba.

Ta ga fuskarsa, ta ƙara masa. Ta ce ya tuna tsofaffin da fitsari ke ɗaure musu, da yaran da tsakuwa ke tare wa hanya, waɗanda ba a kawo su asibiti sai abu ya yi nisa. Likita yana buƙatar ya san in ya buɗe hanyar, me ya rage a ƙodar. Wannan kam Illa ya gane, don ya ga yadda wani baffansa ya ƙare a Gouna, yana riƙe da mara yana cizon bakin riga.

Rabin zomayen ba za ta taɓa su ba. Su ne shaidu, da su za a gwada sauran. Dokar kuma ɗaya ce: abincin buhu, a auna a balansi, kowa daidai da kowa, sai ruwa. Ba ƙari, ba ragi.

"Ka ji ko, Baba? Ba ƙari."

"Na ji, Likita."

Ya ji ɗin. Kunne dai ya ji.

Labari ya kai Kasuwar Dole kafin ya kai gida. Suma'ila ya ajiye wuƙa ya riƙe ciki. "Daga rago ka sauka zomo. Baɗi sai ɓera, in Allah ya ja kwana mu ga kana kiwon ƙuma." Illa ya ce a gaban mahauta da masu sayen nama, zomayen da za su fito daga hannunsa, sai an duba kunne kafin a bambanta su da 'yan tumaki. Kowa ya ji.

Likita ta yi aikinta. Zomayen da aka buɗe suka farka suka takure a kusurwa, suna kallon abincin buhu kamar an zuba musu tsakuwa. Kowace safiya Illa yakan zura hannu ya shafa bayansu, yadda ya saba da raguna, sai wata safiya yatsunsa suka gamu da abin da ba su taɓa gamuwa da shi ba a dabbar da ke ƙarƙashinsa: ƙashin baya, ɗaya bayan ɗaya kamar carbi. Ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi. Ya faɗa wa Likita, ta ce haka ake sa rai, za su ɗan faɗa kafin su tashi. Ta faɗe shi a sauƙaƙe, kamar ba sunan mutum ake magana a kai ba.

Ya yi ta juya abin a ransa har ya kai inda yake so ya kai. Yarinyar nan ta san cikin dabba, babu musu, amma bayan dabba nasa ne. Kuma wane babban malami ne zai zo daga Yamai duba aiki, ya tarar da zomaye kamar tsumma, ya yaba? Taimakonta zai yi, ba sai ta sani ba, don masu karatu ba sa son a taimake su a gaban ido. Ya kwaɓa dusa da tunkuza, ya jiƙa kanwa 'yar Manga ya yayyafa, don kowane makiyayi daga nan har bakin tafki ya san kanwa ce ke wanke cikin dabba. Ya mulmula ƙanana kamar dawo, ya cika aljihun rigarsa.

Da marasa lafiyar kaɗai ya fara. To amma shaidun nan suna da ido. Suka jeru a jikin waya suna motsa hanci, kuma a tarbiyyar da aka yi wa Illa ba a ba wata dabba abinci wata na kallo. Sai ya zama kowa daidai da kowa, yadda dai Likita ta ce.

Hannun bai ba shi kunya ba. Zomaye suka murje, wuya ya ɓace, gashi ya kwanta yana ƙyalli. Akwai wani mai baƙin kunne ɗaya, cikin waɗanda aka yi wa aiki, da ya fi kowa karɓar abin. Ba ya komai sai ci da barci, ba ya buɗe ido sai ya ji motsin aljihu. Illa ya sa masa suna Depite, wato ɗan majalisa.

Likita ta ɗora su a balansi ta yi murmushi, ta sake ɗorawa wani lokaci murmushin ya ragu. Ta buɗe su ta cire abin matsin, ta jira ƙoda ta sace. Tana da wata na'ura da take gogawa a cikin zomo, hoton ƙodar ya fito a gilashi. Ta goga, ta goga. Kumburin yana nan, wasu ma ɗaya ƙodar da ba a taɓa ba ta fara tasowa. Farantan da ke ƙarƙashin keji kuwa, abin da ke zuba a ciki ya daina kama da fitsari.

"Na zomo dama yana da ɗan kauri," in ji ta, tana juya farantin a gaban haske. "Amma wannan ai kunu ne. Baba Illa, har shaidun. Waɗanda ko aske su ban yi ba."

"Ikon Allah," in ji Illa, da zuciya ɗaya, don ko a mafarki bai haɗa wannan da aljihunsa ba.

Ta zargi ruwan famfo, ta aika a auna. Ta zargi mai sayar da abincin buhu, suka yi ta sa-in-sa a waya. Ta zargi hannunta, wanda ya fi komai cin ta. Ta daina cin abincin rana, tabarau ya fara zamewa daga hancinta. Illa ya lura ita ma ta fara ramewa, kuma in an bi ta ɓarauniyar hanya a ƙarƙashin kulawarsa take, sai ya fara kawo mata fura daga wurin Ladi.

Asirin ya tonu ne wata safiya da Likita ta riga shi zuwa. Ya tura ƙofa da sallama, aljihu cike, ya tarar ta fito da Depite ta ajiye a tebur. Dabbar ta kwana tana yunƙuri ba abin da ke fita sai ɗigo, ko ɗaga kai ba ta iya yi. Amma da jin muryar Illa, ɗakin gaba ɗaya ya ɗauki ƙarar waya, zomaye suka yo gaba suna tattaka juna. Depite, wanda ake tunanin ko zai kai azahar, ya ja jiki har bakin tebur, ya miƙa wuya, ya tura kai cikin aljihun Illa har kunnuwa. Ya fito da dunƙule a baki.

"Sabo ne," in ji Illa. "Dabba tana gane mai ƙaunarta."

Likita ta karɓe dunƙulen, ta murƙushe, ta kai hanci.

"Dusa. Tunkuza." Ta ɗanɗana a harshe. "Kanwa."

"Kaɗan. Kuma mai kyau ce, ba ta kasuwa ba."

"Tun yaushe?"

"Tun da suka fara faɗawa."

Ta cire tabarau ta zauna. Illa ya so ta yi faɗa, don faɗa ya san yadda ake karɓarsa. Ba ta yi ba. Ta ce jikin zomo duk abin da ya yi masa yawa na irin wannan gishiri ta fitsari yake zubar da shi, in ya yi yawa ya kwanta a mafitsara kamar laka, ya daskare. Ga ƙiba, zomo mai ƙiba ba ya iya tsugunawa ya juye mafitsararsa duka.

"Ni na matse hanya ɗaya da lissafi, Baba. Kai ka toshe duka da alheri."

"Likita, shekara nawa ina ba raguna wannan haɗin."

"Ba ka taɓa ganin rago gab da layya yana buga ƙafa, yana yunƙuri, yana kaɗa wutsiya ba abin da ke fita?"

Ya gani. Ba sau ɗaya ba. Yakan ce ƙiba ce ta yi masa nauyi, ko bakin mutane, in abin ya tsananta ya aika wa mai rago ya zo ya ɗauki abinsa tun da wuri.

"Wuƙa ce take riga ciwon isowa," in ji ta. "Shi ke nan."

Wannan ya fi zagi shiga. Ya nemi wurin zama bai samu ba, ya jingina da bango.

Aikin watanni ya tashi a banza, sai ta sake daga farko da sababbin zomaye. Ba ta kore shi ba, ko don idon mahaifinta, ko don furar. Ta sa aka ɗinka masa farar rigar aiki wadda ba ta da aljihu ko ɗaya, ta ce a bakin ƙofa zai riƙa tuɓe tasa. Tsofaffin zomayen kuma ta zura musu siririn tiyo ta wanke mafitsararsu, ta ce ɗakin ba zai ɗauki kashi biyu ba.

"Kai ka ɓata su, kai za ka gyara. Ka kai su gida. Busasshiyar ciyawa, ruwa mai yawa, ka sake su su yi gudu. Sai sun zubar da wannan kitsen ƙodarsu za ta sami sarari."

"Wato su rame."

"Su rame."

"A gidana."

"A gidanka, Baba."

A amalanke ya kai su, ya lulluɓe da tabarma kamar mai safarar abin da hukuma ta hana. Ya kafa musu shinge a bayan ɗakin Ladi, inda mai leƙe daga zaure ba zai hango ba. Daga nan ya shiga aikin da bai taɓa yi ba tun haihuwarsa, hana dabba abinci tana kallonsa. Hannunsa har ƙaiƙayi yake. Ladi ta kwashe dusar gidan ta kai maƙwabta ajiya, don ta kama shi sau biyu yana tsaye a kan buhu yana wasiwasi. Ruwan da take tattali kamar turare, shi yake ɗurawa zomaye. Da hantsi sai a ga dattijo da gemunsa yana bin Depite a tsakar gida yana tafa hannu, don ya motsa jiki.

Idonsa ma ya sauya wurin kallo. Da ƙugu yake dubawa, yanzu ƙasa. Ya ɗauke wata farar tasa daga jeren Ladi don ya riƙa ganin launin abin da ke fita, rigimar da sai da ta kai su kwana ba magana. Ɗaya bayan ɗaya zomayen suka sake, kunu ya koma ruwa. Depite ne kaɗai ya ƙi. Ya zube, fata ta yi masa yawa, amma har yanzu ɗigo-ɗigo yake yi yana runtse ido.

Garin Malam ba a ɓoye amalanke. Wata Juma'a bayan an sauko, Suma'ila ya yi sallama da mahauta biyu a bayansa, ya ce sun zo ganin 'yan tumaki masu dogon kunne. Bai jira izini ba, gidan ɗan gwaggonsa ne. Ya zagaya bayan ɗaki, ya tsaya. Ya sunkuya ya ɗago Depite ta ƙeya, ya bi haƙarƙarinsa da yatsa a hankali, irin na mai sana'a, ya ajiye shi. Abin da ya jira tun ƙuruciya ga shi a hannu, har ya rasa ta inda zai fara ci.

"Bawana," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "ni ba azzalumi ba ne. Na ji 'yar Alhaji Modu yanka su take tana ɗinkewa. In a hannunta suka lalace aka jibgo maka, faɗa mini in koma kasuwa."

Ga ƙofa a buɗe. Kalma ɗaya, sunansa ya tsira, kuma ba wanda zai je bayan gari ya tambayi Likita. Ladi tana bayan zana, ta daina daka. Illa ya gyara murya, ya buɗe baki.

Sai Depite ya taka zuwa gindin shinge, ya tsuguna sosai yadda ya daɗe bai iya ba, ya ɗaga 'yar wutsiyarsa. Abu ya zubo, ya yi ta zuba, ya yi hanya a cikin rairayi. Illa ya manta da baƙi, ya fizgo tasar ya tara, ya ɗaga ta a rana yana karkatawa. Garau, ba laka ko kaɗan.

"To ka gani," in ji Suma'ila. "Ashe yarinyar ta iya aikinta. Ga shi ta buɗe shi."

"Wace yarinya?" Illa ya juyo da tasa a hannu. "Ita tiyo ta zura ta wanke ta yi tafiyarta. Wa ya hana shi dusa yana kuka? Wa ya bi shi da gudu a tsakar gidan nan da wannan gwiwar? Kitsen da ya danne shi, wa ya sauke? Ni na ramar da shi. Dukansu ni na ramar da su, da hannuna."

Suma'ila ya juya ga mahautan nan biyu a natse.

"Kun dai ji. Ban matsa masa ba."

Kafin la'asar ta yi sanyi maganar ta gama Kasuwar Dole, har da tasar, wadda a bakin Suma'ila ta zama kwano mai murfi da Illa ke ajiyewa a ƙarƙashin gado. Sunan da ya ɗauko tun daga Hamdara ya sauka, wani ya hau: Illa mai tasa. Yara ma sun iya.

Likita ta zo da na'urarta ta goga a cikin Depite a kan tabarmar zaure. Ƙodar da ba a taɓa ba ta koma daidai. Wadda ta sha matsi biyu, nata da nasa, ta sace, tana aiki, amma ta ƙanƙance, kuma ta ce haka za ta zauna. Ta dawo, ba duka ba. Illa ya tambaya ko za a sa wannan a cikin binciken, da sunan wanda ya yi jinya. Ta ce waɗannan ba sa cikin lissafi.

Da layya ta matso, turakunsa rabi ba kowa. Wata safiya yana shirin tafiya aiki, wani ɗan kasuwa da ya saba kawo masa kiwo ya biyo ta ƙofar gidan shi da wani abokinsa, janye da rago zuwa wurin wani mai kiwo. Suka gaisa a kunyace. Ragon ya tsaya a gindin katanga ya buɗe ƙafa, ya daɗe, ya ɗan yi abin da zai yi. Illa ya sunkuya ya duba ƙasa.

"Alhaji, ka ce a rage masa dusa."

Mutumin ya ja igiyarsa ya ƙara sauri. Sai da ya kai kwana ya ce wa wanda ke tare da shi, "Ka ji. Har na mutane yake so ya ramar."